Ɗantani, Littafin Majami'ar Gidan Barmo

A Gidan Barmo, wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan Ɗansoshiya a ƙasar Kiru, an yi wani mutum mai suna Ɗantani wanda ya shekara shida yana aiki a matsayin littafi. Shi kansa kuwa har ya bar duniya bai san baƙi ko ɗaya ba.

Ubansa makaɗin noma ne, irin masu bin manoma a gayya suna kiran sunan kowa da na ubansa da na kakansa, har sai tsumi ya kama mutum ya riƙa noma kamar ba gobe. Ɗantani bai gaji hannun ba. In ya taɓa ganga, karnukan gidan tashi suke su koma bayan rumbu. Kan dai ya gada: abin da ya shiga kunnensa sau ɗaya ya sami wurin zama ke nan. Ya girma ya zama manomi, da rani kuma yana yi wa mutane jinka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana, kuma ba abin da yake ƙauna kamar yayyafi ya riƙa dukan gadon bayansa yana duƙe da fartanya.

Majami'ar garin a gindin ɗorawa ta soma a 1945, lokacin da wani mai bishara na ɗarikar Angilikan ya zo a kan keke ya sami mutum bakwai da suka yarda su zauna su saurare shi. Bayan shekara uku aka yi ginin ƙasa, aka sa masa sunan Barnaba Mai Tsarki, Ɗantani ya yi jinkar. Zuwa 1951 ma'aikatanta uku ne. Akwai Malam Inuwa, malamin majami'ar, tsohon soja da ya riƙe sito a yaƙin Bama, mutumin da a wurinsa umarni ba ya da baya. Akwai Lado, mai buga ƙararrawa, wato tsohon wilin mota da aka rataye a reshen ɗorawar. Sai Rabaran Sale, wanda ke zuwa daga birni duk bayan wata uku, ya sauka daga babbar mota a Kafin Maiyaki ya ƙarasa da keke.

Ɗantani ba ma'aikaci ba ne, ba ma Kirista ba ne a lokacin. Gidansa ne kawai ya fi kusa da majami'ar, tulunsa kuma ya fi na kowa girma, saboda haka duk ranar baftisma shi ake aika ya ɗebo ruwa, ya tsaya riƙe da shi har a gama.

Da daminar 1951 Rabaran ya zo da labarin cewa Bishof zai zo bayan kaka ya ɗora wa mutane hannu don tabbatar da su cikin bangaskiya, don haka ana bukatar sunayen duk waɗanda aka yi wa baftisma. Malam Inuwa ya ciro mabuɗi daga wuyansa ya buɗe akwatin katakon da ake ajiye littafin rajista. Gara ta shiga ta ƙasa, ta yi gininta a ciki, ta cinye sunayen shekara shida. Abin da ya rage jar ƙasa ce da ƙarafa biyu na ɗinkin littafin.

Malam Inuwa ya miƙe ƙyam, hannuwa a gefe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. A hukunta ni."

Rabaran ya ce, "Hukunci ba zai dawo da suna ko ɗaya ba, Malam. Mutum nawa ne a ciki?"

"Sun haura hamsin."

Sai aka ji murya daga sama ta ce, "Sittin da uku ne."

Suka ɗaga kai. Ɗantani ne a kan jinka yana toshe inda ke yoyo, ya leƙo da fuskarsa ta kafar. Rabaran ya ce ya sauko. Ya sauko, ya durƙusa ya gaida su, aka ce ya faɗi abin da ya sani.

Ya ce, "Na farko Tanko ɗan Mayau, aka sa masa Bitrus, ran Lahadi bayan an yanke gero, shekarar da kura ta ɗauke akuyar Sarkin Noma. Ruwan ranar daga rafi na ɗebo shi, don rijiya ta rufta."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sittin da uku, da iyayensu da waɗanda suka tsaya musu. Rabaran ya ciro ɗan littafin aljihunsa ya duba waɗanda shi da kansa ya yi wa baftisma, bai sami kuskure ko ɗaya ba. Ya gaji, ga yunwa, ga hadari na haɗowa, ga doguwar hanya. Ya yi dariya ya dafa kafaɗar Ɗantani a gaban dattawa ya ce, "To, kafin sabon littafi ya zo, ga littafinku nan. Malam, ka kula da shi yadda doka ta ce." Ya hau kekensa ya tafi.

Malam Inuwa bai yi dariya ba. A aljihun ƙirjinsa akwai takardar dokokin ajiye littafin majami'a, nannaɗe cikin guntun tamfol tun ranar da ya kama aiki. Da yamma ya ɗauki dattawa biyu suka je gidan Ɗantani ya karanta masa. Ɗantani ya ce shi manomi ne. Dattawan suka ce sunayen 'ya'yansu ne a kansa, kuma wata uku ne kawai, ya yi haƙuri. Mutum ne da ba ya iya musu da furfura. Ya ce to.

Doka ta farko ta ce a ajiye littafi a busasshen wuri. Tun daga ranar aka hana Ɗantani fita in ana ruwa, da kuma in an ga alamar za a yi. Jama'a suka riƙa yi masa gayya, shi kuma yana zaune a rumfar da aka kafa masa a bakin gona, yana kallon yadda ake karkata masa kunyar noma ba halin ya gyara. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai cikin shekarun nan duka. Wanka kuwa an yi doguwar shawara a kansa, aka tsaya a kan cewa daga wuya zuwa ƙasa bangon littafi ne, ana iya gogewa, kai ne takardun. Aka ƙara wa Lado aikin riƙe masa laima.

Doka ta biyu ta ce littafi ba ya fita daga harabar majami'a. Gidan Ɗantani taku arba'in ne daga ƙofar. Malam Inuwa ya auna da ƙafarsa, ya sa aka tumɓuke dangar majami'ar aka zagayo da ita ta bayan gidan. Da Ɗantani ya yi ƙorafin gona, aka sake jan dangar har ta zagaye gonar. Tarihin wurin ya nuna harabar ta ninka sau biyar cikin shekara biyu ba tare da an sayi ƙasa ko taku ɗaya ba, abin da ya burge manya a birni ƙwarai.

Doka ta uku ce ta kawo rigima, don ta ce ba mai buɗe littafi sai ma'aikaci. Wata safiya Malam Inuwa yana wucewa ya ji Kande, matar Ɗantani, tana tambayarsa inda ya ajiye lauje. Ya tsaya ya yi sallama.

Ya ce, "Kande, ki yi haƙuri, amma tambaya buɗewa ce. In kina son sanin wani abu daga wurinsa, ki zo ki gaya mini, ni in tambaye shi."

Kande doguwar mace ce mai sayar da daddawa, ba ta da saurin fushi. Ta ce, "To, Malam." Ta koma ta ci gaba da aikinta.

Kafin rana ta take ta aika wa Malam sau tara. Ya tambayar mata ko maigida zai ci tuwo ko fate. Ya tambayar mata ko ya ga baƙar kazar nan. Ya tambayar mata ko gishirin ya ji. Malam Inuwa ya yi ta zirga-zirga tsakanin murhu da zaure, yana kai tambaya yana dawo da amsa, bai fasa ba, har kwana uku. Ran na huɗu ya zo da takarda ya naɗa ta mai ajiyar littafi, ta dangwala yatsa. Ma'aikatan majami'ar suka zama huɗu, in an haɗa da littafin biyar.

Da Rabaran ya dawo ya ga abin da maganarsa ta haifa, ya kira Malam gefe ya ce ai wasa yake yi. Malam Inuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba shi ne littafin ba, to majami'ar nan ba ta da littafi, kuma doka ta ce majami'ar da ba ta da littafi ba a yin baftisma a cikinta. Ga jarirai huɗu suna jira." A gaban dattawa Rabaran ya yi maganar, babba kuwa ba ya lashe amansa a bainar jama'a. Ya yi baftismar. Aka gama, Malam ya tuna masa cewa doka ta huɗu ta ce ya sa hannu a shafin ƙarshe. Lado ya ce ƙarshen mutum tafin ƙafa ne. Wani dattijo ya ce ƙeya ce. Rabaran ya raba gardamar ya sa hannu a bayan taguwar Ɗantani, can ƙasa kusa da lafi. Taguwar nan ba ta sake ganin ruwa ba.

Sabon littafin bai zo a wata uku ba. Da farko aka ce ana jiran jirgin ruwa. Bayan shekara aka aiko da wani, aka buɗe aka ga na ɗaurin aure ne, Malam Inuwa ya mayar. Daga nan magana ta kwanta.

Aikin dai ya ci gaba. Duk wanda aka yi wa baftisma, Malam zai juya ga Ɗantani ya faɗi sunan da ƙarfi, Ɗantani ya ce, "Na riƙe." Mai neman shaidar baftisma don ya sa ɗansa a makaranta sai ya zo, Malam ya tambaya, Ɗantani ya ce shekarar da aka yi farin dango ce, kwana biyu bayan kasuwa, Malam ya lissafa ya mai da ita kwanan wata. Har Musulmin maƙwabta suka soma zuwa. Dagaci ya aiko a kai masa Ɗantani kan wata rigimar iyakar gona, Malam ya ce littafi ba ya fita, Dagacin ya hau dokinsa ya zo da kansa, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, aka buɗe masa.

Akwai wata mata, Balaraba, da 'yarta ta rasu tana wata bakwai. Duk shekara in ranar ta zagayo sai ta zo ta roƙi Kande ta buɗe mata. Kande ta ce, "Maigida, Rahila ta Balaraba." Ɗantani ya ce, "Rahila 'yar Jatau, ran Lahadi da safe, auduga ta fara fashewa. Da ruwan ya taɓa ta ba ta yi kuka ba, atishawa ta yi sau biyu, kowa ya yi dariya. Kina sanye da shuɗin zane mai ratsin fari." Balaraba ta zauna jim, ta yi godiya, ta tashi. Ba ta taɓa neman a ƙara mata komai ba.

A 1954 Rabaran ya tambayi Ɗantani me ya sa shi bai karɓi baftisma ba, alhali ya fi kowa sanin tambayoyin da amsoshin. Ɗantani ya ce shi bai ƙi ba, ba a dai taɓa tambayarsa ba, kullum yana riƙe da tulu ne. Aka sa rana. Ana gobe za a yi, Malam Inuwa ya zo wurin Rabaran fuskarsa a ɗaure.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan a kai ake zubawa."

"A kai, Malam."

"Kai kuwa shi ne takardun."

Rabaran ya ce zai sauke Ɗantani daga muƙamin littafi kafin a zuba ruwan, in ya bushe ya mai da shi. Malam ya ce in an sauke shi majami'a ba ta da littafi, ba za a iya baftisma ba. Rabaran ya ce to za a naɗa Lado riƙon ƙwarya. Aka yi haka. Lado ya tsaya ƙarƙashin laimar da ya saba riƙe wa wani, gumi na keto masa, yana addu'ar kada kowa ya tambaye shi komai. Aka yi wa Ɗantani baftisma da sunan Ayuba, wanda shi ya zaɓa, aka zaunar da shi a rana, Kande ta shafa kansa ta tabbatar ya bushe, aka mai da shi kan aikinsa. Malam ya juya gare shi ya ce da ƙarfi, "Ɗantani ɗan Gambo makaɗi, an sa masa Ayuba."

Ɗantani ya ce, "Na riƙe. Ai ina wurin."

Sabon littafi ya iso da bazarar 1957, mai baƙin bango, cikin akwatin ƙarfe. Kwana tara Ɗantani yana faɗa Malam yana rubutawa, suna ɗari biyu da sha ɗaya. Sun sha saɓani, don littafin yana da gidan suna da gidan kwanan wata da gidan iyaye, ba shi da gidan atishawa ko na rijiyar da ta rufta. Ɗantani ya ce in haka ne rabin magana ke nan aka rubuta. Duk da haka ranar da aka gama ya kwana da murna, ya wasa fartanyarsa, don an yi ruwan shuka. Da safe yana shirin fita sai ga Malam Inuwa da takardar tamfol. Ashe akwai doka a bayan takardar: in an buɗe sabon littafi, a aika da tsohon babban ofishi a birni don ajiya.

Kande ta ce ba inda za shi. Dattawa suka ce a jira Rabaran. Malam ya ce dokar ta ce cikin kwana bakwai. Ɗantani, wanda bai taɓa wuce Kafin Maiyaki ba, ya ce a bari ya je, in manyan sun gan shi da idonsu ai za su gane mutum ne su sallame shi. Malam ya rubuta takardar rakiya, ya raka shi kasuwa, ya damƙa shi a hannun direban babbar mota, ya ce a sa shi a gaba kada ruwa ya taɓa shi.

A babban ofishin ya sami wani akawu mai suna Uba. Akawun ya karanta takardar: tsohon littafin rajista na Barnaba Mai Tsarki, Gidan Barmo, guda ɗaya. Ya ce, "Baba, ina littafin?"

"Ni ne."

Akawun ya ɗauka taɓin hankali ne, har Ɗantani ya juya ya nuna masa bayan taguwarsa. Ga sa hannun Rabaran Sale har ashirin da uku, kowane da kwanan watansa, kuma akawun ya san hannun sarai. Manyan ofishin duk sun tafi rangadi. Uba ya yi tunani ya ga in ya ƙi karɓa, takarda ta ce an aiko, ranar bincike shi za a tambaya. Ya karɓa, ya ba shi lamba ɗari da sha huɗu, ya rubuta a kwali ya ɗaura masa a wuyan taguwa, ya kai shi ɗakin ajiya. Kantar da ake jera littattafai ba za ta ɗauke shi ba, sai aka shimfiɗa masa tabarma tsakanin ɗari da sha uku da bango.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a nan. Matar maigadi ke kawo masa abinci, kuma ya ce bai taɓa cin shinkafa haka ba a rayuwarsa. Da rana yakan zauna bakin taga yana lissafin yadda geron mutane ke tsiro a gida, alhali nasa ko shukawa ba a yi ba.

Rabaran Sale ya dawo daga rangadi ya ji labari, ya zo da sauri ya ce a saki mutumin nan ya tafi gida. Uba ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya shiga ajiya aka ba shi lamba ba ya fita, sai dai aro." Rabaran ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hannu yana ƙunshe dariya. Da ya natsu ya ce a kawo takardar aron. Aka cika, aka ba majami'ar Gidan Barmo aron lamba ɗari da sha huɗu na shekara guda. Ɗantani ya koma gida ya yi shukar baya, ya sami dawa kaɗan a shekarar, gero kuwa ko zangarniya.

Shekara ta zagayo Malam Inuwa ya sabunta aron. Daga nan aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wajen Doguwa, Rabaran Sale ma aka mai da shi wata ƙasa. Aka kawo sabon malami, saurayi mai tsabta da ya fito daga makarantar horo. A ƙarshen 1959 wasiƙa ta zo masa daga babban ofishi cewa wa'adin aro ya wuce, a mayar da lamba ɗari da sha huɗu ba tare da ɓata lokaci ba.

Sabon malamin ya kwana uku yana nema. Ya duba akwati, ya duba bayan bagade, ya sa aka ɗaga tabarmi. Duk wanda ya tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba, a tambayi Baba Ayuba, shi ya san komai na wurin nan. Ya je ya same shi a masussuka yana ɗaure dami.

Ya ce, "Baba, an ce akwai wani tsohon littafi da aka aro daga birni. Ko ka san kamanninsa?"

Ɗantani ya ja igiyar damin ya ƙulle. Ya ce, "Na ji ana cewa gajere ne, ya kuma tsufa. Amma gaskiya, Malam, ni ban taɓa ganinsa ido da ido ba."

Kashegari ya zo da tsaninsa ya taya malamin dubawa a cikin jinka, ba su ga komai ba sai sheƙar ɓera. Malamin ya rubuta wa ofishi cewa littafin ya ɓace tun kafin zuwansa. Aka aiko masa da takardar jan kunne mai shafi biyu, aka ja layi a kan lamba ɗari da sha huɗu.